Basira na nan a tarukanmu, tsari ne babu

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yadda ake zaman shawara, ko a wajen aiki ne, ko a ƙungiya, ko a kwamitin makaranta. Mutum takwas sun zauna neman mafita. Ɗaya ya kawo shawara, bai rufe baki ba wani ya ce, "To ina kuɗin?" Na uku ya ce ai an taɓa gwadawa ba ta yi ba. Na huɗu hankalinsa ne kawai bai kwanta ba, amma tun da ba a karɓar wannan a matsayin hujja, sai ya ƙago wani dalili da ba shi ne a ransa ba. Daga nan mai shawarar ya daina kare shawararsa, ya koma kare mutuncinsa. Sauran huɗun kuwa sun yi gum, suna duban fuskar shugaba. Bayan awa biyu a watse, kowa da abin da ya zo da shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne babu mai laifi a cikinsu. Tambayar kuɗi tana kan hanya, tuna abin da ya faru a baya wajibi ne, rashin kwanciyar hankali ma labari ne da ya kamata a ji. An dai zuba su ne gaba ɗaya a kan shawarar da ko tsayawa da ƙafarta ba ta yi ba.

Wannan ce matsalar da Edward de Bono, likita ɗan ƙasar Malta, ya nemi magancewa da dabarar huluna shida da ya wallafa a 1985. Kowace hula nau'in tunani ce. Fara ta bayanai ce: me muka sani, me ya rage mu bincika. Ja ta abin da zuciya ke ji ce. Baƙa ta haɗari da cikas, ruwan ɗorawa ta amfani, koriya ta sababbin dabaru, shuɗiya kuma ta mai jan ragamar zaman. Inda mutane da yawa ke kuskure shi ne su raba hulunan, wane kai ne baƙa, wance ke ce koriya. Ba haka aka tsara ba. Kowa da kowa hula ɗaya yake sawa a lokaci guda, sai an gama da ita a sauya.

A nan ƙarfin abin yake. Mutumin da ya saba kushe komai, idan aka zo mintuna biyar na neman amfani, dole shi ma ya nemo alheri ɗaya a shawarar da ba ta yi masa ba. Shi kuma mai shawarar, idan aka zo baƙar hula, shi zai fara faɗin inda za ta iya rushewa, kuma ya fi kowa sanin wurin. Ba wanda ya kayar da shi, don ba kokawa ake ba. Ni a wajena jar hula ta fi burge ni. A ba kowa rabin minti ya ce "raina bai kwanta ba" ko "ina so ƙwarai", ba tare da an tambaye shi dalili ba. Damuwar da aka hana wa hanya ba ta mutuwa, za ta dawo ne daga baya ta sigar jan ƙafa ranar aiwatarwa.

Amma kada a ɗauka huluna ne kaɗai magani. Akwai abin da bincike ya fi tabbatarwa, kuma ya fi sauƙi. Alex Osborn, wani mai harkar talla a Amurka, shi ya yayata salon nan na kowa ya jefo abin da ya zo masa a rai ba tare da suka ba. A 1958 masu bincike a Jami'ar Yale suka gwada, sai suka tarar mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, aka haɗa abin da suka samo, sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. A 1987 wasu masu bincike biyu a Jamus, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalilin: baki ɗaya ke magana a lokaci guda. Kana jiran layinka, kana sauraron wani, dabarar da ke kanka ta sulale. Akwai maganin wannan: wani Bajamushe, Bernd Rohrbach, tun ƙarshen shekarun 1960 ya fito da tsarin 6-3-5: mutum shida, kowa ya rubuta dabaru uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa da shi ya ɗora nasa. Cikin rabin awa za a iya tara dabaru 108, kuma mai kunya da mai ɗaga murya rabonsu ɗaya a takarda.

Batun masu shirun nan fa ba ƙarami ba ne. A gwajin da masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya yi a 1951, tsawon layi kawai aka ce mutane su kwatanta, abin da ido ke gani ƙarara. Duk da haka kusan kashi 75 cikin 100 sun bi amsar kuskure da aka shirya sauran 'yan ɗakin su bayar da gangan, aƙalla sau ɗaya. Da aka samu mutum guda a ɗakin ya faɗi daidai, bin yarima a sha kiɗan ya ragu sosai. Aikin tsari ke nan, ya samar da wannan mutum guda ba tare da an jira wani ya yi ta maza ba. Wani masanin, Gary Klein, ya bayyana wata hanya a 2007 da nake ganin kowace ƙungiya za ta iya: kafin a fara aiki, a ce wa kowa ya ɗauka shekara ta wuce kuma shirin ya wargaje, ya rubuta dalili. Ƙaramin ma'aikacin da ba zai iya ce wa shugaba "akwai matsala" ba, zai iya rubuta ta, tun da ita aka nema daga gare shi.

Na san masu cewa wannan wasan yara ne, manyan mutane ba sa zama suna zancen launin hula. Ina fahimtarsu. A bar sunan hula in ya dame su, a ce yanzu lokacin bayanai ne, yanzu na cikas ne. Kuma ba kowane zama ke buƙatarsa ba, sa ranar taro na gaba ba ya son hula shida.

Wurin da nake jin tsoro ɗaya ne. Idan shugaba ya riga ya yanke hukunci a ransa, sannan ya tara mutane ya sa su rubuce-rubuce don a ce an ji ta bakinsu, ya fi rashin tsarin muni, domin gobe ba wanda zai sake faɗa masa gaskiya. Saboda haka duk wanda ke jagorantar zama, roƙona gare shi ya faɗa tun farko ko shawara ake nema ko sanarwa ake yi. In shawara ce, ya bari kowa ya rubuta nasa tukuna, a fara ji daga ƙaramin cikinsu, shi kuma ya riƙe ra'ayinsa sai kowa ya gama.