Mai saukar da ruwa bayan an yanke ƙauna

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Jiya bayan La'asar na tarar da wani ƙanena zaune a gindin darbejiya, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Wata uku rabon da in gan shi a sahu. Na ce, "Ƙanena, lafiya kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ni kam tawa ta ƙare. Sau nawa ina tuba ina komawa? Kunyar Allah nake ji."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai. Yaron nan manomi ne. Shekarar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, geronsa ya ƙone, ban ga ya jefar da fartanya ba. Rancen iri ya yi ya sake shuka, muka fita roƙon ruwa tare, kuma aka sha. To Ubangijin da ka roƙa ranar, ya canza ne? A Suratush Shura, aya ta 28, Allah ya ce Shi ne ke saukar da ruwa bayan an yanke ƙauna, yana watsa rahamarsa. A Suratuz Zumar, aya ta 53, waɗanda suka yi wa kansu ɓarna ya kira "bayina", ya hana su fid da rai, ya ce yana gafarta zunubai gaba ɗaya.

Mu ma da laifinmu. Mutum ya tako ƙofar masallaci, sai a fara, "Yau su wane an tuba ke nan?" Ku tuna hadisin Bukhari da Muslim na wanda ya kashe rai 99. Mai ibada ne ya ce masa ba shi da tuba, ya cika 100 da shi. Malami kuwa cewa ya yi, wa zai shiga tsakaninka da tuba? Sai dai ka bar garin nan, garin mugunta ne. Ga masu shaye-shaye, garin nan shi ne majalisar da ake haɗuwa da dare.

Amma fa haƙƙin mutane ba ya wankuwa da istigfari kaɗai. Wanda ya ci iyakar gona ya mayar, mai tauye mudu ya nemi yafiya.

Na ce wa ƙanen nawa zan biyo masa da Asuba. Yau ina ƙwanƙwasa ƙofa ya fito da buta a hannu. Don Allah ku sa shi a addu'a.