Wanda Ya Riƙe Sarƙar

Duk wanda ya zo gidanmu na Manchesta tsakanin Janairu da Mayun 2025 ya ga kwalaye, da yawanku ma a kansu kuka zauna kuka sha shayi, saboda haka ba sai na tsaya dogon bayani ba. Mun sa ɗan gidanmu na saman bene a kasuwa, wasu sababbin ma'aurata suka taya muka sallama, mu kuma muka taya wani gida mai ɗaki uku a unguwar Moston a kan fam 240,000, aka sallama mana a watan Nuwamba. Mai gidan tsohon direban bas ne da ke son komawa wani ƙaramin gida a garin Bolton, shi kuwa gidan na Bolton na wata tsohuwa ne da ta rasu, magadanta suna jiran takardar hukuma da za ta ba su ikon sayarwa. Abin da ake kira sarƙa ke nan a ƙasar nan: kowa da kuɗin na bayansa zai biya na gabansa, kuma babu mai motsawa sai kowa ya motsa.

Abin da na kasa fahimtar da 'yan'uwa a gida shi ne, a Ingila da Wels kalmar "na sallama" ba ta ɗaure kowa. Ciniki ba ya tabbata sai ranar da lauyoyi suka kira juna ta waya suka yi musayar takardun yarjejeniya, aka ajiye kafin alƙalami, wanda galibi kashi goma ne cikin ɗari, aka kuma tsayar da ranar karɓar makulli. Kafin wannan rana, ko wata biyar aka yi ana tafiya, mutum yana iya wayar gari ya ce ya fasa, kuɗin lauya da na binciken ƙaramar hukuma da na duba ko akwai tsohon ramin kwal a ƙarƙashin gidan duk su bi ruwa, ba ka da wanda za ka kama. Ga kuma wa'adi a kanmu. Gwamnati ta riga ta sanar cewa daga 1 ga Afrilu harajin sayen gida zai fara daga fam 125,000 maimakon 250,000, wato idan muka karɓi makulli kafin ƙarshen Maris ba mu biyan ko sisi, idan muka wuce da kwana ɗaya sai mu biya fam 2,300. Ranar ƙarshen ta faɗo daidai da Ƙaramar Salla, ni kuwa na riga na shelanta a masallaci cewa tuwon Salla a sabon gida za a ci.

Tun makon farko na Janairu na tattara komai. Labule, tukwane, takardun yara, har agogon bango, duk na cusa a kwali na liƙe na rubuta suna a jiki. Uwargida ta ce, "Malam, ka bari mana a yi musayar tukuna." Na ce mata mai shiri ba ya jin kunya. Da tukunya ɗaya da cokula huɗu muka shiga azumi.

Kowace Litinin ina kiran ofishin lauyanmu, sakatariya ta ɗauka ta ce mini suna jiran amsa. Ban taɓa tambayar amsar wa ake jira ba, domin a raina na riga na yanke hukunci cewa magadan tsohuwar Bolton ne. Na zana su a zuciyata tsaf: 'ya'ya uku marasa zumunci, ɗaya a Ostireliya ba ya ɗaukar waya, biyu suna rigima a kan kujerun uwarsu. Ban taɓa ganinsu ba, ban san ko su nawa ba ne, amma babu teburin buɗa-baki da ban ci mutuncinsu a kai ba. Ita kanta marigayiyar ban ƙyale ta ba, na ce da ta gyara takardunta tun tana da rai da ba mu shiga wannan hali ba. Allah ya yafe mini.

A nan dole in yi maganar Alhaji mai tasi, ko da yake na san zai karanta. Shekara ashirin da wani abu yana ƙasar nan a gidan haya, bai taɓa sayen ko kejin kaji a Ingila ba, amma babu wanda ya kai shi sanin yadda ake cinikin gida. Duk inda muka haɗu, kafin ya amsa sallama sai ya ce, "Malam, an yi musayar kuwa?" Idan na ce ba a yi ba, sai ya girgiza kai ya ɗauko labarin gidan da ya saya a Kano, yadda aka zauna bayan La'asar da dillali da mai unguwa da shaidu biyu, aka ƙirga kuɗi, aka cire la'ada, aka shafa fatiha, kafin Magariba makulli yana aljihunsa. Na ji labarin nan ya fi sau talatin, kuma kowane zuwa lokacin ƙara gajarta yake yi. A karo na ƙarshe ko shayin da aka zuba musu bai huce ba aka gama. Abin da ba ya faɗa, wanda kowa ya sani, shi ne gidan nan har yau ana shari'a a kansa da wani da ya ce shi ma an sayar masa. Ban taɓa tuna masa ba, saboda ya girme ni, kuma shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na fara zuwa. Shi ne ya zuga ni. Ya ce Bature ba ya jin magana ta waya, sai ya ga mutum a tsaye a gabansa da kwarjini. Ya ce in ya so shi zai kai ni da motarsa, ya kuma tsaya mini shaida.

Ranar Juma'ar tsakiyar azumi, muna fitowa daga masallaci, muka nufi ofishin dillalan. Ina sanye da babbar rigar shadda da aka ɗinka mini don Salla, da hula zanna, na fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Jawabin da zan yi kuwa kwana biyu ina maimaita shi da Turanci a gaban madubin banɗaki, har na san inda zan ɗaga murya da inda zan yi shiru in kalli mutum.

Ofishin duk gilashi ne, na kan titi yana ganin na ciki. Akwai ma'aikata uku, da wasu mata biyu da ke duba hotunan gidaje, da wani dattijon Bature a kujerar kusurwa riƙe da kofin shayi. Wadda ke kula da cinikinmu yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ta ƙarshe ba. Ta nuna mini kujera, na ƙi zama. Na tattare hannun riga na ɗora a kafaɗa, na fara. Na ce fiye da wata biyu ke nan iyalina suna kwana a tsakanin kwalaye. Na ce ni mutum ne mai cika alkawari, a inda na fito idan namiji ya ce ya saya to ya saya. Na ce akwai wani mutum guda a cikin sarƙar nan da ba shi da tausayi, ba shi da tsari, bai san darajar lokacin mutane ba, ya zauna a kan takarda ya hana gidaje huɗu motsi, kuma ba zan bar ofishin ba sai an faɗa mini ko wane ne. Na ƙara da cewa irin wannan mutum bai cancanci a sayar masa da gida ba, bai kuma cancanci a saya daga hannunsa ba. Daga bayana ina jin Alhaji yana cewa, "Ƙwarai kuwa. Faɗa musu." Har dattijon kusurwa na ga yana gyaɗa kai, abin da ya ƙara mini ƙarfi na maimaita maganar rashin tsari da wata kalma mai nauyi da na tanada.

Yarinyar ba ta katse ni ba. Da na kai aya ta ɗan danna kwamfuta, sa'an nan ta juyo da fuskar allon wajena a hankali. Layi huɗu ne, uku kore, ɗaya ja, sunana kuma yana jikin jan. Wallahi abin da ya fara zo mini shi ne jan alamar wanda aka fi cuta ne, har na nuna da yatsa na ce, "Yauwa, kin gani, kwamfutarku ma ta san ni ake zalunta." Ta ce a'a, ja yana nufin wanda ake jira. Ta ce takardar magadan Bolton ta fito tun farkon Fabrairu, ma'auratan da ke sayen gidanmu sun sa hannu, mai gidan Moston ya sa hannu, lauyana ne ya ce ba zai iya musaya ba sai na ba shi bayanin inda wasu kuɗi suka fito, kuma ya rubuto mini sau biyu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Na tuna dai hannun rigar ya zame daga kafaɗata, na mayar, ya sake zamewa. Na tuna ɗaya daga cikin matan nan ta kafa wa hoton wani gida ido kamar za ta shige ciki. Na juya neman Alhaji, sai na hango shi ta gilashi a waje, yana zagaya motarsa yana duba tayoyi da matuƙar natsuwa. Ban ji fitarsa ba, ga shi ƙofar tana da ƙararrawa.

Sai dattijon ya ajiye kofinsa ya miƙe, ya zo ya tsaya kusa da ni, ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce, "Ashe kai ne." Shi ne direban bas ɗin. Ranar da muka je duba gidan ba ya nan, dillali ne ya zagaya da mu, don haka ban san fuskarsa ba. Shi ma ƙorafi ya kawo a kan mutumin da ya riƙe sarƙar, na riga shi magana ne kawai, kuma ya ce duk abin da na faɗa a kan mutumin ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ni da na kwana biyu ina tanadin Turanci, abin da ya fito daga bakina shi ne na tambaye shi ko tukunyar ɗumama gidan tana aiki sosai. Har yau ban san dalilin wannan tambaya ba. Ya ce tana aiki. Na ce madalla. Na yi wa kowa godiya ɗaya bayan ɗaya, har da matan da ba ruwansu, na fita.

A mota babu wanda ya yi magana har muka kusa gida, sa'an nan Alhaji ya ce shi dama tun farko ya ji a jikinsa matsalar daga wajenmu take.

Wasiƙun biyu muka samu a daren, bayan mun farke kwali goma sha ɗaya. Suna cikin wanda na rubuta wa "kayan kicin, kada a buɗe", a ƙarƙashin murfin tukunya, ko buɗe su ba a yi ba. Ni na sa su da hannuna, domin na ɗauka takardun talla ne masu kyan naɗe kofuna. Saƙon da lauyan ya tura ta intanet kuma yana cikin wata manhaja da suka ce in sauke tun Nuwamba, na sauke ban taɓa shiga ba. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai ɗauki murfin ta ce dama tana nemansa.

Kuɗin da ake tambaya fam 9,000 ne na adashin uwargida. Dokar hana halatta kuɗin haram ta wajabta wa lauya ya san asalin duk abin da za a zuba a cinikin gida, shi kuwa abin da ya gani a takardar banki shi ne mata goma sha biyu sun turo kuɗi cikin kwana uku, wata ta rubuta "zubi", wata ta rubuta "na Hajiya", wata ba ta rubuta komai ba. Na zauna na yi masa bayanin adashi tun daga tushe, ya saurara da ladabi, ya ce tsari ne mai ban sha'awa, sa'an nan ya nemi shaidar kowace mace da takardar da ke nuna ba bashi ba ne. Da na je wa Hajiya uwar adashi da wannan magana, ta ce, "Malam, shekara goma sha biyar ina riƙe da kuɗin mutane ko fam ɗaya bai taɓa ɓata ba, yau Bature ne zai ce in kawo fasfo?" Sai da uwargida ta yi zuwa uku, da kwanon dambu a zuwan ƙarshe, kafin ta ba da littafin makarantar da take rubuta zubi a ciki, da sharaɗin a dawo mata da shi kafin Isha'i. Biyu daga cikin matan sun tafi Umra, ɗaya kuma ba ta so mijinta ya san tana adashi.

Ranar Salla a kan kwalaye aka ci tuwo. An yi musayar a ƙarshen Afrilu, wata Alhamis da rana ina wurin aiki, kiran bai kai minti ɗaya ba. Muka karɓi makulli a Mayu, na biya fam 2,300 ɗin, na kuma ji an ce direban bas ma ya biya nasa a gidan Bolton. Da muka shiga mun tarar ya share ko'ina fes, ya bar takardun tukunyar ɗumama gida a kan teburin kicin, amma ya kwance ƙwan fitila na kowane ɗaki har da na banɗaki. Uwargida ta ce wataƙila haka al'adarsu take. Alhaji ya zo da fitilar waya ya zagaya, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce ɗakunan sun yi ƙanana.