Ranar da mai ciwon bipola ya warware, ranar aikin gida ke farawa

Jama'ar Damagaram, akwai abin da ake ta maimaitawa a gidajenmu game da ciwon bipola, ciwon ƙwaƙwalwar da ke cilla mutum sama da zumuɗi, wani lokacin kuma ya jefa shi cikin baƙin ciki mai tsanani. Mutum ya tashi: kwana uku ba barci kuma ba gajiya, surutu ba tsayawa, ya rabar da jarinsa, ya ce gobe zai sayi motoci goma. A kai shi asibiti, a yi masa allurar Haldol ko Largactil, ya lafa. Bayan ƴan makonni ya dawo hayyacinsa, sai wani kawu ya ce ai ya warke, a bar ƙwayoyin nan kada su kashe masa jiki. Ba a jima ba, ko dai ya sake tashi, ko ya faɗa ɗaya ɓangaren, ya kulle kansa a ɗaki, ba ci ba magana, yana tunanin mutuwa. Sai a ce maganin asibiti ba ya yi.

Yana yi. Allurar nan kashe gobara ce kawai. Abin da ke hana wutar sake kamawa shi ne maganin da ake sha kullum lokacin da mutum yake garau. Jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da shi aƙalla shekara 2 bayan tashin ƙarshe. Wasu kuwa har tsawon rayuwa suke sha. In za a bari ma, likita ne ke ragewa sannu a hankali, cikin mako 4 zuwa wata 3. Yanke litiyam, ɗaya daga cikin magungunan nan na kullum, dare ɗaya shi kansa yana jawo tashin ciwon.

Litiyam ɗin nan, wanda ake samu da sunan Téralithe, tun 1949 wani likitan Ostareliya, John Cade, ya nuna amfaninsa, kuma har yau shi ne kan gaba wajen hana dawowar ciwon da rage kashe kai. Sai dai tsakanin abin da ke magani da abin da ke cutarwa tazarar ƙanƙanuwa ce. Ana son ya zauna tsakanin 0.6 da 1.0 mmol (ma'aunin yawansa) a kowace litar jini. Ya haura 1.5, guba ta fara. Shi ya sa ake auna jini kwana 5 zuwa 7 bayan farawa ko sauya adadi, sannan duk wata 3 a shekarar farko, a kuma duba ƙoda da maƙoƙo duk wata 6. Awon ma yana da ƙa'ida: awa 12 bayan sha na ƙarshe. Wanda ya sha ƙarfe 8 na dare, ƙarfe 8 na safe za a ɗibi jininsa, kafin ya sake haɗiyar wata ƙwaya. In aka saɓa wannan, lambar da ta fito ƙarya ce, likita ya ƙara ko ya rage a kan kuskure. Ra'ayina a nan ba ya da kwana: kafin a karɓi takardar litiyam, a tambayi likita ina za a riƙa awon, nawa ne kuɗinsa. Iyalin da ba za su iya riƙe awon ba, gara a zaɓa musu wani maganin.

Ga kuma garinmu. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Ƙoda ce ke fitar da litiyam, kuma in jiki ya rasa ruwa da gishiri ta hanyar gumi, zawo, amai ko zazzaɓin cizon sauro, sai ƙodar ta riƙe shi ya taru. Ɗan kabu-kabu ko mai aikin gini da ke wuni a rana, adadin da ya yi masa daidai lokacin ɗari zai iya yi masa yawa a bazara. Ya sha ruwa kamar lita 2 zuwa 3, fiye da haka in yana gumi, kuma kada ya yanke gishiri haka kawai don wani ya ce yana kawo hawan jini. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne diklofenak da ibuprofen da ake saye wurin masu talla a Kasuwar Dole don ciwon baya. Suna ɗaga litiyam a jini, haka ma wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari. Ciwon kai ko na jiki, parasitamol ya isa. In aka ga rawar hannu mai ƙarfi, tangaɗi, magana tana sarƙewa, amai da zawo, a tsayar da maganin a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Azumi kuma a yi shawararsa da likita tun watan Sha'aban, saboda ƙishirwa da kuma barcin da ke wargajewa tsakanin tarawihi da sahur. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. Ba sai an kai ga gadon asibiti ba.

Dépakine da Dépakote, su ma magungunan hana dawowar ciwon, sun fi litiyam sauƙin riƙewa, amma ba na macen da za ta iya ɗaukar ciki ba ne. Cikin jarirai 10 da uwarsu ta sha shi da ciki, kusan 1 yana zuwa da nakasa, 3 zuwa 4 kuma da matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Wadda take kansa yanzu kada ta bari da kanta, ta koma a sauya mata. Tégrétol, wani daga cikin magungunan, shi ma yana da tarkonsa: yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, mace ta ɗauki ciki tana ganin ta tsare. Shi da wani maganin da ake kira lamotirijin, in ƙuraje suka feso da zazzaɓi ko miki a baki a makonnin farko, asibiti nan take. Dalilin ke nan ake fara lamotirijin da 25 mg na mako 2, sannan 50, ba a tsallakewa.

Sai maganin baƙin ciki irin su Laroxyl ko fuluwoksetin. In mai bipola ya sha su su kaɗai, ba tare da maganin da ke daidaita shi irin su litiyam ba, suna iya cilla shi sama. Don haka duk wanda aka kai saboda damuwa, a gaya wa likita in ya taɓa yin kwanakin rashin barci da ɓarnar kuɗi. Tramol da wiwi ba sai na tsaya a kansu ba, haka shayin fada har ƙarfe biyun dare.

Yawancin masu barin magani ba taurin kai ba ne, wahala ce ba wanda ya saurara. Olanzapin, da shi ma ake bai wa masu bipola, na sa ƙiba da sukari, a riƙa hawa sikeli duk wata. Haldol na sandarar da wuya, ido ya juye sama. Ba aljanu ba ne, akwai maganinsa, amma likita ne zai rubuta Artane, ba mai tire ba. Ruƙiyya da addu'a ba su hana haɗiyar ƙwaya, a haɗa su.

Mutum ɗaya a gida, uwa ko mata ko yaya, shi ya riƙe karne, wato littafin marar lafiyar: sunan magani, miligram nawa, lokacin sha, ranar awon jini da sakamakonsa, da awa nawa ya yi barci. In marar lafiyar ya manta sha ɗaya, ba a ninkawa. Wanda ke zuwa daga Tanout ko Magaria ya koma karɓar magani tun saura na kwana 10. Barci kuwa in ya ragu zuwa awa 3 ko 4 dare biyu a jere kuma ya wayi gari ba gajiya, a ɗauki karne a tafi wurin likita tun kafin ranar da aka ba shi.