Allon Zamiya Mai Faɗi Ba Ya Hana Hawan Dutse

'Yan Jos da Abuja da ke karatu a Kanada ko Faransa sukan ji ana cewa allon zamiya (ski) mai faɗi na dusar ƙanƙara mai laushi bai dace da hawan dutse da shi a ƙafa ba. Ba haka ba ne. Allon da faɗin tsakiyarsa ya kai milimita 110 yana hawa, sai dai nauyinsa zai gajiyar da ƙafa. Inda ake kuskure shi ne maɗaurin takalmi, wato abin da ke haɗa takalmi da allo.

Maɗaurin filin wasan zamiya na yau da kullum yana kulle diddige, don haka tafiya ba ta yiwuwa. Mai fil biyu irin na kamfanin Dynafit yana riƙe yatsu ya saki diddige, amma sai takalmin yana da ramukan ƙarfe a gaba. Idan maɗaurin ya cika rashin nauyi, babban allo kan murɗe shi ya kuɓuce ana tsakiyar gangarowa. Shi ya sa maɗauri irin Salomon Shift, wanda ke aiki da fil a hawa ya kuma riƙe takalmi kamar na filin wasan zamiya a gangarowa, ya fi dacewa da allo mai nauyi.

Birkin maɗaurin, wanda ke tsayar da allo idan ya kuɓuce, ya kamata ya ɗan fi tsakiyar allon faɗi. Fatar hawa kuma, wadda ake manna wa ƙasan allo don kada ya zame baya, a yanke ta daidai allon, a bar bakin ƙarfensa a buɗe, domin da shi ake riƙe ƙanƙara mai tauri.