Dokar da ba ta bi ta zauren majalisa ba

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ko ta Gujungu a farkon 2023 bai manta ba. Ga sa a ɗaure, ga mai saye a tsaye, kuɗi kuwa babu. Wannan wahala ba daga wata doka da sanatoci suka tafka muhawara a kanta ta fito ba. Umarnin canza takardun naira da taƙaita cire kuɗi ne daga Babban Bankin Najeriya, bisa hurumin da dokarsa ta 2007 ta ba shi. A Disamban 2022 bankin ya ƙayyade cire naira 100,000 a mako, 'yan majalisa suka yi ca, aka ɗaga zuwa 500,000. Sai dai roƙo suka yi, domin ƙudurinsu bai ɗaure kowa ba. Tsofaffin kuɗi ma Kotun Ƙoli ce ta dawo da su ranar 3 ga Maris 2023.

Haka abin yake tafiya: majalisa ta yi uwar doka, ta bar wa minista ko hukuma rubuta ƙa'idojin aiwatarwa. Waɗannan ƙa'idoji ne kuwa ke isowa ƙauye.

A Birtaniya, tun dokar 1946, an yi wa irin waɗannan ƙa'idoji linzami. Akasarinsu ana ajiye su gaban majalisa kwana 40, kuma kowane zaure na iya kaɗa ƙuri'ar soke su. Masu nauyi ba sa tabbata sai majalisa ta amince ƙarara. Linzamin yana da rauni, kada a ɓoye: ba a yi wa ƙa'ida gyara, sai dai a karɓa ko a yar, kuma rabon da majalisar wakilansu ta soke ɗaya tun 1979, kan farashin kananzir. Duk da haka, a 2015 majalisar dattawansu ta taka wa gwamnati birki kan rage tallafin masu ƙaramin ƙarfi, gwamnatin ta janye.

Ni abin da nake so daga wakilanmu na Abuja, da na Dutse da Kano, bai fi sakin layi guda ba. Duk dokar da za su miƙa wa wata hukuma iko, su rubuta cewa ƙa'idarta ba za ta fara aiki ba sai ta kwana 40 a gabansu, kuma suna da ikon soke ta. Kwana 40 ya ishi ɗan majalisa ya zo kara ranar kasuwa, ya tambayi fatake da dillalai mutum nawa ne a cikinsu ke da asusun banki, kuma tafiyar awa nawa ce zuwa reshe mafi kusa.