Manhaja ɗaya ba ta wadatar wajen yi wa ɗalibai adalci

Mutane da yawa a Kano suna ɗauka cewa tunda hukumar NERDC ce ke tsara manhajar kimiyya ga makarantun Najeriya, kuma kowa WAEC ko NECO zai rubuta, to an yi wa ɗalibai adalci. Ba haka abin yake ba. Manhaja ba ta gina ɗakin gwaji, ba ta kawo ƙwararren malami. Yarinyar da ta haddace darasin sinadarai daga allo a aji mai cunkoso za ta shiga jarrabawar haɗa sinadarai a ɗakin gwaji tare da wanda ya saba haɗa sinadaran da hannunsa. Don haka makarantar da ta fi rashi ita ya kamata a fara kai wa malamai da kayan aiki.