Ku gama rigimar rubutun sunan nan kafin a yanka rago

Jama'a akwai wata rigima da take ta ƙaruwa a gidajen sababbin ma'aurata wadda iyayenmu ba su san da ita ba, mutane suna ɗaukarta abin dariya amma ni wallahi ban ɗauke ta wasa ba. An haihu lafiya, an yarda da sunan da za a sa wa jariri, babu wanda ya ce a'a, sai an zo wajen yadda za a rubuta shi da boko a kasa daidaitawa. Miji ya ce Aisha, mata ta ce Ayeesha, kakan yarinya ya ce shi dai A'ishatu ya sani. Ko Zainab da Zaynab, ko Usman da Uthman, ko Maryam da Mariam, suna ɗaya ne a baki amma a takarda kowa da nasa, kuma kowa ya kafe.

Ni sana'ata kafe ce, wato shagon intanet, cike wa yara fom ɗin jarrabawa da na makaranta da na neman aiki, don haka abin da aka kasa warwarewa a ɗaki satin suna ni nake ganin ƙarshensa bayan shekara 17 ko 18, lokacin da yaron ya zo gabana da fayil a hammata. Shi ya sa nake maganar da zafi.

Kwanaki wani abokina matarsa ta haihu, haihuwar fari, tana gidansu wajen wanka, aka samu mace ya ce sunan mahaifiyarsa zai mayar, matar ta yi murna, har ta zaɓi Walida a matsayin alkunya. To ita tana can da ƙawayenta ta ba mai buga sitika aiki, jaka da kofi da memo da kek duk aka rubuta Khadeejarh da ruwan gwal, shi kuma yana nan bai sani ba ya je ya karɓo takardar haihuwa an rubuta Hadiza. Ranar suna da yamma aka kai wa Hajiya, mahaifiyar abokin nawa, tata jakar, ta juya ta ta juya ta, ta kira wata jikarta ta karanta mata, sai ta ce ita dai sunanta Hadiza, wannan ɗin kuma ba ta san wace ce ba. Magana ta koma kunnen ɗanta, ya kira matar a waya. Ta ce haba Abban Walida, ni na ɗauki cikin nan wata tara, na bar maka sunan gaba ɗaya, yanzu ko harafi ɗaya ba ni da ikon zaɓa? Ya ce sunan Hajiya ne, yadda yake a katinta haka zai zauna. Maijego da ko arba'in ba ta yi ba ta kwana tana kuka, shi kuma ya ɗauke ƙafa daga gidan surukai har sai da manya suka sa baki.

Abin da ya dame ni shi ne kowannensu yana da gaskiyarsa, kuma da sun zauna minti goma tun ana saura kwana uku suna da babu abin da zai faru.

Farko dai mu cire addini daga inda bai shiga ba, domin da yawa da shi ake fakewa. Za ka ji mutum ya ce wai dole a sa h a ƙarshen Aishah ko Fatimah don shi ne daidai da Larabci, ko ya ce wanda ya rubuta Usman ya ɓata sunan Sahabi sai dai Uthman. Malam, sunayen nan da haruffan Larabci suka zo mana, duk yadda ka rubuta su da boko kwatantawa kawai kake yi, babu harafin boko da zai fitar maka da ainun da ke farkon A'isha, kuma th ɗin da ka sa a Uthman ba zai hana kakarsa ta kira shi Usumanu ba. Shehu Mujaddadi kansa, jami'ar da aka sa wa sunansa a Sakkwato Usmanu Danfodiyo aka rubuta, wa ya ce an rage masa daraja? Ku dubi sunan Manzon Allah (SAW) ma, filin jirgin Legas Murtala Muhammed ne, tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari, ka tsallaka Nijar inda Faransanci ya yi tasiri a rubutu ka tarar da Mahamane Ousmane da Mamadou Tandja da Mahamadou Issoufou da Mohamed Bazoum, shugabanni huɗu, suna ɗaya, rubutu huɗu. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram Aïchatou suke rubutawa, mu mu rubuta Aishatu, yarinyar dai ita ce. Don haka kar wani ya zo ya ce sifelin ɗinsa ne na Musulunci na matarsa ba shi ba ne.

Maza, bari in fara da mu. Gaskiya ne malamai sun ce idan aka yi saɓani wajen sa suna, hakkin uba ne, ban musa ba. Amma wannan hakkin bai ce ka mayar da uwar ɗanka bare ba. A Suratu Ali Imrana aya ta 36 matar Imrana ce da bakinta ta ce ta sa wa 'yarta suna Maryam. A Baƙara aya ta 233 ko yaye ne Allah Ya ambaci yarda da shawara tsakanin uwa da uba. To idan yaye ana shawara, me zai sa ka tafi kai kaɗai ka yanke yadda za a rubuta sunan da ita ce za ta fi kowa rubuta shi, a katin rigakafi, a bangon littafi, a jikin kular abincin makaranta? Da yawanmu ba ma mu damu da sifelin ɗin ba ne, kawai dai kar a ce mace ta faɗa an bi. Wannan girman kai ne, ba kishin suna ba. Kuma mace da ta haihu kwana biyar da suka wuce, jikinta bai dawo ba, barci ba ya isarta, ba lokacin da za ka nuna mata iko ba ne a kan harafi.

Mata kuma, don Allah ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sunan da kike sa wa a Instagram da sitatus ɗin WhatsApp daban, sunan da yarinya za ta ɗauka har tsufanta daban. Phateemarh, Xaynarb, Meenarh, Haleemarh, ke kin ga ya yi kyau a kan kek, amma ki tuna akwai ranar da za ta tsaya gaban tagar banki ko gaban malamin da ke rubuta rajista da yara 80 a aji, ta faɗi sunanta, shi kuma ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji. Duk sunan da sai an tsaya ana cewa a'a e biyu ne, a'a akwai r kafin h, to kin ɗora wa 'yarki aikin gyara na har abada. Abin da ya fi wannan muni, kuma na gan shi da idona ba sau ɗaya ba, shi ne a yi shiru kamar an haƙura, sai uwa ta kai yaro makaranta ta rubuta nata sifelin ɗin a fom ɗin shiga, uba yana can da takardar haihuwa mai nasa. Kowa yana ganin ya yi nasara, alhali yaron aka raba gida biyu.

Da can wannan bai cika zama matsala ba, saboda mutum ne yake duba takarda, ya ga Mohammed a nan Muhammad a can ya san abu ɗaya ne ya sa hannu. Yanzu kwamfuta ce take dubawa, ita kuwa ba ta san uzuri ba. Tun da aka fito da BVN a 2014, aka zo aka ce a haɗa layin waya da NIN a ƙarshen 2020, sannan daga 2021 rajistar JAMB sai da NIN, fasfo ma da NIN ake yin sa, duk takardun mutum sun zama a ɗaure da juna. Harafi ɗaya ya bambanta sai ka ga abu ya tsaya cak.

Akwai wata yarinya da ta zo shagona da mahaifinta, dattijo mai sayar da hatsi, ta ci jarrabawa da kyau, an zo wajen tantancewa aka ce sunan da ke satifiket ɗinta na sakandare bai yi daidai da na katinta ba, ɗaya Sumayya ɗaya Sumaiya. Na ga mutumin nan ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana tambayata, yaro yanzu wannan y ɗin ce za ta hana ta karatu? Sai da suka je kotu suka yi takardar rantsuwa, suka buga a jarida, suka yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, kuɗin mota kaɗai ya isa ya saya mata katifa da bokiti na hostel. Tana zaune a benci tana share hawaye da gefen hijabi, ita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, tana cikin zanin goyo aka yi kuskuren.

Shi ya sa ra'ayina a nan ba ya da kwana-kwana. Tun kafin ranar suna, kafin a raba goro da dabino, kafin a kira mai sitika, miji da mata su zauna ko a waya ne, a ɗauko biro da takarda a rubuta sunan cikakke. Idan sunan wani aka mayar, kamar mahaifi ko mahaifiya, a ganina adalci shi ne a bi yadda mai sunan yake rubuta nasa, tunda don a girmama shi aka yi, kuma wannan yana kashe gardamar ba tare da wani ya ji an kayar da shi ba. Idan ba mayarwa aka yi ba, a zaɓi wanda ya fi sauƙi, wanda ko wa aka faɗa wa zai rubuta daidai ba tare da tambaya ba. Idan kuma duka biyun masu sauƙi ne, Aisha da Aishatu misali, to malam ka bar mata, kai ka zaɓi suna ita ta zaɓi rubutu, me ya ragu a jikinka?

Sai maganar 'yar waƙafin sama ɗin nan ta A'isha da Asma'u da Hauwa'u da Isma'il. A ƙa'idar rubutun Hausa ita ce daidai kuma ni ina son ta, amma gaskiyar abin da nake gani a wajen aiki shi ne wasu fom-fom na intanet ba sa karɓarta, wani ya cire ta, wani ya mayar da ita tazara sunan ya rabu biyu. Ku san da haka tun farko, ku yanke ko da ita ko babu ita, ku tsaya a kai.

Kar kuma a manta da sunan uba, don nan ma ana faɗawa rami sosai. Uba a katinsa Abdullahi, a takardar ɗa an rubuta Abdullah, a ta ƙanwarsa Abdallah, 'ya'yan mutum ɗaya kamar ba gida ɗaya suka fito ba, ranar da za a nemi biza ko a zo rabon hakkin mamaci a wajen aiki sai an yi ta bayani. Haka jerin sunayen, wanne ne na farko wanne ne na tsakiya, a tsayar da shi. Alkunya kuwa, su Walida da Ummi da Abba da Khalifa, ta zauna a gida, kar wata gwaggo ta kai yaro allurar rigakafi ko Islamiyya ta ba da ita a matsayin sunan yanka. Da an karɓo takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, a karanta ta harafi-harafi tun a gaban wanda ya rubuta, a ɗauki hotonta, uba ya ajiye a wayarsa uwa ta ajiye a tata, duk inda za a rubuta sunan yaron a buɗe a kwafa.

Waɗanda kuma aikin gama ya riga ya gama, yaranku suna firamare ko ƙaramar sakandare, yau ɗin nan idan an dawo daga makaranta ku ɗauko takardar haihuwa da katin sakamako da NIN idan an yi masa, ku jera su a kan tabarma ku duba tare. In kun ga bambanci ku je wajen hedimasta a gyara rajista tun yanzu, kafin a tura sunansa WAEC ko NECO, domin da zarar ya hau satifiket gyaran ya zama na kotu da jarida.